Tsinke da Barcin Iri

Tsinke ta koyi karatu ne a kan littattafan da ba su da lafiya. Mahaifinta mai ɗinkin littattafai ne, shagonsa ɗan ƙarami a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran lema. Mutane kan kawo masa littafin da bayansa ya karye, ko wanda ya sha ruwa har ya kumbura, ko wanda ɓera ya ci wa kunne. Shi kuma ya warware shi, ya ɗinke da zare mai kakin zuma, ya shafa gam, ya danne shi da tsohon dutsen guga har kwana uku. Karatunsa bai yi nisa ba. Harshen da ake buga yawancin littattafan ma bai ji shi sosai ba, haruffan kawai yake iya bi. Amma yakan ce littafin kirki tun daga nauyinsa a tafin hannu ake gane shi.

Littafi ba ya wuce mako guda a shagon. Tun tana 'yar shekara tara Tsinke ta gane cewa duk abin da ba ta ɗauke a ka ba kafin mai shi ya zo, ya tafi ke nan. Sai ta kama haddacewa. Ta haddace rabin wani littafi na kiwon zomo. Ta haddace babi biyu a kan yadda matuƙan jirgin ruwa ke gane hanya da taurari, alhali ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba. Baban yakan riƙe littafin yana bi da yatsa, ita tana kawowa da ka, idan ta musanya kalma ɗaya ya ƙwanƙwasa tebur da ƙashin da yake lanƙwasa takarda.

"Mai littafin nan ya fi ki sani," yakan ce mata. "Ni da nake riƙe da almakashi ban taɓa rage masa harafi ba. Ke ce za ki rage masa da baki?"

Gwaggonta, yayar baban, wadda ta raine ta bayan rasuwar uwarta, ita ta laƙaba mata Tsinke saboda rama. Takan ce abincin yarinyar nan duk kai yake tafiya, babu abin da ke sauka ƙasa.

A makaranta wannan dabara ba ta taɓa ba ta kunya ba. Malamai suna son ɗalibin da zai mayar musu da maganarsu yadda suka ba shi, ba ta ragu ba, ba ta yi tsami ba. Da haka ta yi ta zuwa ta ɗaya, har wata jami'a a ƙasa mai nisa ta ɗauke ta karatun ilimin tsirrai, da sharaɗin kada ta faɗi ko darasi ɗaya.

Ɗakin da aka ba ta a hawa na biyar yake. Tagarsa ba ta buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu. A jikin bango akwai wani bututun ƙarfe da ke ɗumama ɗakin, kuma kafin ya fara aiki sai ya ƙwanƙwasa sau uku kamar baƙo mai ladabi. Makon farko har amsa masa take yi. A kicin ɗin da mutum takwas ke haɗuwa akwai firji guda, kowa ya rubuta sunansa a kan kayansa: a kan madara, a kan man shanu, har wani ya rubuta a kan ƙwai, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya daɗe yana ba ta dariya.

Laburaren kuwa hawa huɗu ne, kuma littattafan cikinsa duk lafiyarsu lau. Ta tambayi ma'aikaciyar wurin yaushe masu su za su zo karɓa. Matar ta ce babu mai zuwa, ta riƙe mako uku, in ba ta gama ba ta sabunta. Tsinke ta yi godiya, amma hannu ya riga ya saba. Duk littafin da ta aro sai ta ji kamar gobe za a raba ta da shi.

A wata na biyu malamar da ke koyar da su ta ba da aiki: shafi shida a kan dalilin da ya sa wani irin yakan faɗi ƙasa ya yi shekaru yana barci bai tsiro ba. Tsinke ta aro littattafai uku, ta yi kwana goma a kansu, ta mayar. Sannan ta zauna da rana tsaka, babu ko takarda a gabanta, ta rubuta. Ta zaɓi mafi kyawun abin da kowane marubuci ya faɗa, ta haɗa su baki da baki yadda babanta ke haɗa ɗaurin shafuka, ba a ganin ɗinkin. Ba ta rage wa kowa harafi ba. Da ta miƙa aikin, ta sayi lemo ɗaya ta sha a tsaye don murna.

Bayan kwana biyar malamar ta kira ta ofis. Doguwar mace ce mai furfura, ta shuka wani ɗan tsiro a cikin tsohon takalmin ruwa ta ajiye a bakin taga. Ta juyo da fuskar kwamfuta wajen Tsinke. Ga aikinta nan, amma kusan duk an shafe shi da ja, sai 'yan kalmomi farare nan da can kamar haƙoran tsohuwa.

"Muna da na'urar da ke duba rubutu," in ji malamar. "Duk inda kika ga ja, maganar wani ce, kalma da kalma. Kin san abin da ake kiran wannan a nan?"

"Na kawo daidai ke nan, Malama?"

Malamar ta cire tabarau ta dube ta da kyau. "Satar rubutu ake kiransa. Ranar Alhamis za ki zauna gaban kwamiti. Gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu, suna iya korar ki. In sun kore ki, takardar zamanki a ƙasar nan ta mutu."

Tsinke ta sauko matakala tana riƙe da ƙarfen gefenta. Ba korar ce ta fi tsaya mata a wuya ba, kalmar ce. A gidansu ko allura aka tsinta sai an yi cigiya.

Ta kira gida. Gwaggo ce ta ɗauka, tana shagon ta kawo wa ƙaninta abincin rana, ta buɗe muryar wayar yadda duk za su ji. Tsinke ta faɗa musu yadda aka yi.

"An rasa shafi ne?" in ji Baba.

"Ba a rasa ba."

"Kin mayar da littattafan?"

"Tun kafin in fara rubutun."

"To me aka sace?"

"Maganar, Baba."

"Yanzu in an buɗe littafin ba a ganin maganar?"

"Tana nan."

Gwaggo ta kwashe da dariya. "Wannan wace irin ɓarauniya ce da ke barin wa mai kaya kayansa? Tsinke, ko sata ma ba ki iya ba. Ki ce musu su zo su ga ɗan maƙwabcinmu, ya koya musu yadda ake yi."

Amma da ta ji maganar kora sai dariyar ta tsaya. Can Tsinke ta ji ƙarar dutsen guga, Baba ya ɗaga ya ajiye, ya sake ɗagawa ya ajiye.

A ɗakin da ke kallon nata akwai wata baƙuwa kamarta, daga wata ƙasar daban, ta shekara huɗu tana karatun haƙori. Duk mutanen hawan suna kiranta Likita tun kafin ta zama. Ta tarar da Tsinke a kicin ta tasa shayi gaba har ya huce, ta ja kujera ta saurare ta.

"Ƙanwata, ba ki da ido ne?" Ta buɗe firji ta nuna mata. "Mutanen da ke rubuta suna a kan ƙwai, kina tsammanin za su bar magana ta yi yawo babu suna? In kin ɗauki maganar wani, sai ki kewaye ta da alama, ki rubuta a ƙasa: ta wane ce, littafi kaza, shafi kaza. An gaya mana a makon farko."

"Na ji an faɗa. Na ɗauka da masu kwafa ake. Ni ban kwafa ba, Yaya. A kaina take."

"To ki ji shawara. Ki ce kin manta da alamomin, gaggawa ce. Ki sunkuyar da kai, in hawaye ya zo kada ki hana shi. Ni da kaina na ga wanda ya tsira da haka, ƙato mai gemu."

"Ban manta ba ai."

"Kai, Allah ya shirye ki. Ana nuna miki ƙofa kina tambayar wa ya sassaƙa ta."

Ranar Alhamis mutum uku ta tarar a bayan dogon tebur: malamarta, wani dattijo mai sanƙo wanda shi ne shugaba, da wata mata mai rubuta duk abin da aka faɗa. An jera littattafan nan uku a gabansu kamar shaidu.

Shugaban ya tambaye ta ko ta kwafa. Ta ce a'a. Ya tambaye ta ko littattafan suna buɗe lokacin da take rubutun. Ta ce suna laburare, a duba ranar da ta mayar. Ya ce watakila ta ɗauki hotonsu a waya. Ya faɗa cikin gajiya, da muryar wanda ya sha jin ƙarya iri-iri.

"Ranka ya daɗe, ka buɗe na tsakiyan," in ji Tsinke. "Babi na bakwai. Ko'ina."

Ya buɗe, ya karanta rabin layi. Ta ɗauka daga nan. Ta haɗa hannuwa a baya yadda take tsayawa a shago, ta kafa ido a kan agogon bango, ta yi ta zubowa. Dattijon yana bi da yatsa. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Mai rubutu ta ajiye alƙalami. Da Tsinke ta kai inda marubucin ya yi kuskuren lamba ya gyara a ƙasan shafi, ta kawo kuskuren, ta kawo gyaran.

"Ya isa," in ji shugaban. Ya rufe littafin a hankali ya shafa bangonsa. "Shekara talatin ina nan ban ga irin wannan ba. Na yarda ba ki kwafa da hannu ba. Amma 'yata, ko a hannu kika ɗauko ko a ka, maganar ba taki ba ce."

Sai malamar ta ce, "Ina da tambaya ɗaya. Manta da littafi. Gaya mini da bakinki, me ya sa iri yake barci?"

Tsinke ta buɗe baki, sai ga layin farko na babi na bakwai.

"Wannan nasa ne. Naki nake so."

Ta sake farawa, sai ga na littafi na biyu. Malamar ta girgiza kai. Karo na uku ta kai tsakiyar jimla ta ji da kanta ta wa ce, ta tsaya. Ta leƙa cikin kanta, wurin da kullum yake cike kamar kanti, ta ga kowane abu da mai shi. Ba ta ga ko ɗaya nata ba. Hawayen da Likita ta ce kada ta hana ya zo, amma ta hana shi.

Suka fitar da ita, suka yi shawara, suka dawo da ita. An ba ta zuwa Litinin. Ta sake rubuta aikin da maganarta, ta zo ta kare shi da baki a gaban malamar. In ya yi, ta zauna da gargaɗi a fayil ɗinta. In bai yi ba, kwamiti ya riga ya yanke.

Juma'a ta wuni a gaban farar takarda. Duk jimlar da ta fara, kafin ta kai ƙarshe mai ita ya leƙo. Ta gwada musanya kalmomi, ta sa "ƙwaya" a wurin "iri", ta mayar da gaba baya, sai ta ji kamar ta sa wa mutum rigar wani, kuma kunnenta yana jiran a ƙwanƙwasa tebur. Asabar da hantsi ta fara duba jakarta, tana lissafin abin da zai shiga da abin da za ta bar wa Likita.

Da rana waya ta yi ƙara. Baba ne da kansa, wanda bai saba kira ba.

"Tsinke, na yi ta tunani. In akwai mai laifi, ni ne. Da akwai yadda za a yi in zo in tsaya gabansu, da na zo."

"Ba laifinka ba ne, Baba."

"Bar wannan. Ni abin da ya hana ni sakat daban ne. Kin ce a kan iri mai barci kika yi rubutun. Iri yana barci?"

"Yana yi. Wani shekara ɗaya, wani goma, wani fiye."

"A cikin ƙasa? Bai ruɓe ba? To wa ke tashinsa?"

Ta buɗe baki za ta kawo babi na bakwai, sai ta tuna ba zai ji ko kalma ba. Babu wanda ya taɓa buga wannan magana da harshen gidansu, balle ta haddace. Dole ta lalubo.

"Ka ga, wani irin yana da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shiga. Sai ya gogu da ƙasa, ko tsuntsu ya haɗiye shi ya kasayar, sannan ya buɗe."

"Sai ya bi ta cikin tsuntsu. Ikon Allah. Da wanne kuma?"

"Wani sai ya sha sanyi na watanni. In ka ajiye shi a ɗaki mai ɗumi, har abada ba zai motsa ba. Wani kuma sai gobara ta wuce ya ji hayaƙi."

"Na ruwan sama fa? Na san wannan. Tsawa yake ji ya farka."

"A'a Baba, ba haka ba ne."

Daga can gefe muryar Gwaggo ta taso. "Yau ga ranar da Tsinke ta ƙaryata ubanta. Bari in zauna."

"Ƙyale ta, Yaya. To yaya ne?"

"Akwai wani abu a jikin irin, kamar maganin barci da uwar ta shafa masa. Yayyafi ba ya wanke shi. Sai an yi ruwa mai yawa, wanda zai ishi tsiro ya rayu, sannan ya wanke. Shi ya sa ɗan ruwan farko ba ya yaudararsa."

"Duk a rana ɗaya suke tashi?"

"A'a. Ko uwarsu ɗaya, wani bana, wani baɗi, wani sai an manta da shi. Littafin ya faɗa, amma ya wuce da sauri, ni ma ban..." Ta tsaya. Ba ta taɓa cewa littafi ya yi sauri ba.

"Ai wannan a fili yake," in ji Baba. "Uwar ce mai wayo. Ba ta tashin 'ya'yanta duka shekara ɗaya, don in shekarar ta yi ƙarya a samu na baya."

Suka yi kusan awa guda. Ya tambaye ta ko iri yana mafarki, ta ce ba ta sani ba. Ya tambaya ko akwai wanda ke yin barcin har ya mutu a ciki, ta ce da yawa. Ya ce kaico. Mai yankan makulli ya leƙo ya tambayi ko ƙwallon dabinon da ya jefa bayan shago shekara biyu ke nan yana da sauran rai. Gwaggo ta ce su sake mata yarinya ta je ta ci abinci.

Da ta ajiye waya ta jawo takarda. Ta rubuta abin da ta gaya wa Baba, da harshen gida tukuna, yadda ya fito, har da tsuntsun. Sannan ta bi shi layi-layi tana mayarwa harshen makaranta. Jimlolin suka fito gajeru, wasu suna ɗingishi. In ta kwatanta su da na marubutan nan sai kunya ta kama ta. Inda ta ga lallai sai maganar ɗayansu, ta kewaye ta da alama ta rubuta sunansa da shafi, Likita na tsaye a kanta tana nuna mata da cokali. Shafi huɗu da rabi ta samu, ba shida ba.

Ranar Litinin malamar ta karanta a gabanta, alƙalami a hannu, tana gyara nan da can. Ta yi mata tambayoyi bakwai. Tsinke ta amsa biyar da in'ina, ɗaya ta kuskure, ɗaya ta ce ba ta sani ba.

"Rubutun nan ba shi da kyau," in ji malamar. "Na farkon ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma wannan na san wa nake magana da ita. Zan ba ki mafi ƙanƙantar makin da ake wucewa da shi. Kin zauna."

Tsinke ta riƙe gefen kujera.

"Saura abu ɗaya." Malamar ta sa yatsa a shafi na uku. "Wannan layin, na uwar da ba ta tashin 'ya'yanta duka shekara ɗaya. Na'ura ba ta san shi ba, ni ma ban san shi ba. Naki ne?"

Tsinke ta duba. "Na babana ne."

"To kin sake ke nan." Amma bakin malamar yana motsi, tana danne murmushi. "Masanin tsirrai ne?"

"Littattafai yake ɗinkawa."

"Ko me yake yi, maganarsa ce. Sa sunansa."

"Ba shi da littafi, Malama. Ba shi da shafi."

Malamar ta nuna mata yadda ake yi: suna, sai a ce ta baki aka ji, sai ranar da aka ji. Ta miƙa mata alƙalami. Tsinke ta rubuta sunan mahaifinta a ƙasan shafin, ƙarƙashin na wani farfesa, ta sa ranar Asabar.

A bakin matakala ta kira gida. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin Gwaggo ta ɗauka, ta ce hannun ƙaninta duk gam ne.

"Faɗa mini ɗaya kawai. In share ɗakinki ko in bar kayan da na zuba a ciki?"

"Ki bar su, Gwaggo."

"Madalla. Dama ba ni da inda zan kai su." Sai muryar ta yi nisa, ta juya wajen shago. "Kai, goge hannunka ka zo. Ɓarauniyarka ce, wai ba su kore ta ba."